Takalmin Birkin da Na Ƙi Sayarwa

Duk abin da zan manta a sana'ar nan, ba zan taɓa mantawa da ranar da mai saye ya nuna kaya mafi tsada a shagonmu, ni kuma na ce ba zan sayar masa ba. Ku da kuka shigo harkar kayan mota bayana, na san kun ji labarin a bakin mutanen gareji, kuma kowa da gishirin da yake ƙara masa. Ga yadda abin ya faru.

Sunana Lubabatu, Luba ake ce mini. Da na gama sakandare na ƙi zaman gida, sai Kawu Sahabi, yayan mahaifiyata, ya ɗauke ni a shagonsa na kayan mota da ke bakin titi a Bodinga. Tsarin wurin mai sauƙi ne. Kawu ne mai shago, shi ke zuwa sari. Ni ce mai kanta, ni ke miƙa kaya. A bayan shago akwai garejin Oga Shehu, dattijon makanike mai fama da ciwon gwiwa, shi ke ɗaura abin da muka sayar. A wurinsa na koyi rabin abin da na sani. Sauran rabin a jikin kwalaye na karanta shi, don ni ba na iya zama shiru, ko takardar ƙosai na samu sai na duba abin da aka rubuta a kanta.

Lokacin kakar albasa ne, titi cike da manyan motoci da jakuna. Da hantsi sai ga wata jar mota mai ƙofa biyu, ƙirar Jamus, gajera har cikinta na shafar ƙasa, ta tsaya a gabanmu tana gurnani. Mai ita Nasiru ne, ɗan wani babban gida a Dandin Mahe, masu fataucin albasa zuwa kudu. Duk manyan motocin gidansu a wurinmu suke sayen kaya. In ka cire gidan nan daga cinikinmu, Kawu sai ya koma sayar da man juye a kwalba.

Matsalar Nasiru ta gaskiya ce, ba iyayi ba. Ya ce in ya saki motar a doguwar hanya ya riƙa taka birki, sai birkin ya yi laushi, ya fara warin ƙuna, motar ta ƙi tsayawa inda yake so. Oga Shehu ya cire taya ya zaro takalmin birkin. Ga wanda bai sani ba, wannan shi ne abin da makanikai ke kira fad, wani ɗan faranti ne mai kauri da ke matse faifan ƙarfen taya in an taka birki. Wanda ke jikin motar irin mai laushin nan ne na arha da ake sa wa ƙananan motocin haya. Fuskarsa ta ƙone tana sheƙi kamar gindin tukunya.

Na sauko masa da iri biyu na ajiye a kanta. Ɗaya na tangaran, mara ƙara, mara ƙura. Ɗaya mai gaurayen ƙarfe, wanda aka yi wa motoci masu ƙarfi da ke bin titin kowa. Nasiru ko kallonsu bai yi ba. Idonsa na can saman kanta, kan wani baƙin kwali mai hoton tuta, wanda ya shigo cikin kayan da Kawu ya saro a dunƙule, ya daɗe a wurin ba wanda ya tambaya.

"Wancan hwa?" in ji shi.

"Na tsere ne. Na motocin da ke zagaye fili suna gasa."

"Shi nika so. Sauko muna da shi."

Na sauko da shi, na gwada bayansa da na tsohon, kunnuwa da ramuka duk suka dace. Har na fara neman leda, sai wani abu ya faɗo mini a rai. Na ce, "Tsaya. Wa ka tuƙa motag ga da sahe?"

Tambayar ba ta banza ba ce. Kusan kullum da sassafe, ina share ƙofar shago, motar nan take wucewa, kuma ba Nasiru ne a ciki ba. Baffa Tukur ne, yayan mahaifinsa, tsoho mai farin gemu, da carbi rataye a madubi. A gidajen da ke zaune tare irin nasu, makullin mota a ƙusa yake a zaure. Babba in ya miƙa hannu ya ɗauka, ƙarami ba shi da bakin cewa a'a, ko da guminsa ya saye ta. Baffa kuwa ya ƙyale duk motocin gidan, ya ce wannan kujerarta ta fi yi wa bayansa daɗi. Yana tuƙa ta kamar yana rakiyar gawa. Sannan yana da wata ɗabi'a da kowa a hanyar nan ya sani: in ya hango wanda ya sani, ko a tsakiyar titi ne, sai ya taka birki ya sauke gilashi su gaisa, ya tambayi gida da gona da shanu. Haka yake tsaya wa 'yan makarantar Islamiyya da ke tsallake titi kusa da mu.

Shi kuma takalmin tsere halinsa daban. Sai ya yi zafi sosai yake kamawa da kyau. In yana da sanyi yana buƙatar ƙafa mai ƙarfi, ga ƙara kamar ana yanka akuya. Tuƙin Baffa ba zai taɓa ɗumama shi ba.

Na mayar da kwalin sama na ce, "Ba ni saida ma shi."

Nasiru ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Da ya ga na juya na ci gaba da jera filtoci, sai dariyar ta ɗauke. "Ke, mota tawa ce ko taki?"

"Taka ce da rana. Da sahe ta Baffa ce. In kana iya hana shi makulli, ga kwali nan, ɗauka."

Ban san cewa nan ne gyambon yake ba. Fuskarsa ta canza, ya ce shi ba a taɓa yi masa irin wannan rashin kunya a wurin da yake kashe kuɗinsa ba, kuma Sakkwato ba nisa, shaguna sun cika gari. Ya fita ya bar motar a kan jak.

Kawu yana cikin ɗakin ajiya, duk ya ji. Ya fito ya tsaya a gabana. "Luba, bakinki wata rana shi za ya kashe mu. Ke kin san gidan da yaron ga ya hito? Wallahi in motocinsu sunka koma wani wuri, gida za ki koma ki taya uwarki daka. Ban ga amfanin mai kanta da ke korar ciniki ba."

Kawu ba ya rantsuwa a banza. Na san in Nasiru ya shiga keke mai ƙafa uku ya nufi tasha, aikina ya ƙare ke nan. Amma kuma da in sa wa ƙafar tsohon nan abin da ba za ta iya ba, gara dakan. Na bi Nasiru waje, na tarar da shi a gindin darbejiya yana latsa waya.

Ban ba shi haƙuri ba, don ban iya ba. Na ce, "Ka bari a ɗaura ma shi yau, ka gwada yadda kake so. Amma motar ta kwana garejin Oga Shehu, gobe da sahe mu gwada ta da sanyinta. In ta tsaya lahiya, ka tahi da shi, ni kuma in bar shagon da kaina."

Ya kalle ni sama da ƙasa. "Ke kika hwaɗa."

Oga Shehu ya goge faifan, ya ɗaura sabon takalmi dama da hagu, don ba a canza ɓangare ɗaya a bar ɗaya. Bayan la'asar suka fita da Nasiru hanyar Sifawa don zaunar da shi. Zaunarwa ita ce a riƙa gudu ana rage gudu a kai a kai ba tare da tsayawa cak ba, har fuskar takalmi da ta faifai su saba da juna. Da suka dawo, Nasiru bakinsa har kunne. Ya ce bai taɓa jin birki irin wannan ba, kamar an ɗaure motar da igiya daga baya. Ya leƙo kanta ya ce, "Hajiya mai shago, a hwara haɗa kaya."

Gaskiyarsa ce, da zafi babu kamar takalmin nan. Abincin dare dai ranar ban ji ɗanɗanonsa ba.

Washegari da sassafe muka haɗu, ni da Kawu da Nasiru da Oga Shehu. Akwai wani shimfiɗaɗɗen wuri a bayan gari da ba a cika bi ba. Na jera kwalayen batur marasa komai wani kan wani a tsakiyar hanya, na kafa dutse a gefe daga baya, alamar inda za a fara taka birki. Nasiru ya nufi ƙofar direba, na tare shi.

"Ba ƙahwarka muka gwaji ba. Oga Shehu za ya tuƙa. Gwiwarshi da ta Baffa sa'o'in juna ne."

Oga Shehu ya ce, "Kin ji ja'ira, ni kika mayar ma'aunin tsuhwa." Amma ya shiga.

Ya taho da irin tafiyar Baffa. Da ya kai dutsen ya taka. Motar ta saki wata ƙara da ta tashi tsuntsaye daga gona, ta ci gaba da silalowa, ta kwashe kwalayen da hanci, sai da ta wuce su sannan ta tsaya. Oga Shehu ya fito yana dafe da gwiwa yana salati.

Nasiru ya ce haɗa baki muka yi. Na ce ga mota ga fili. Na sake jera kwalayen, ya shiga da kansa. Shi ya tsayar da ita kafin ta taɓa su, amma duk mun ga yadda ya miƙe daga kujera ya danna da dukan jikinsa. Bai fito da wuri ba. Ya zauna riƙe da sitiyari yana kallon kwalayen nan, waɗanda tsayinsu bai wuce na yarinya mai ɗauke da allo ba.

Da ya fito bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba. Cewa ya yi, "To, wane za mu sa?"

Nan aikin gaske ya fara. Mai laushin ya fita daga lissafi, shi ya ƙone tun farko. Na tangaran yana da tsafta da shiru, amma ba don irin sakin motar da Nasiru ke yi a doguwar hanya aka yi shi ba. Saura mai gaurayen ƙarfe: yana kamawa tun yana da sanyi, yana kuma jure zafi fiye da abin da titi zai ba shi. Na gaya masa aibinsa ban ɓoye ba. Zai riƙa zubar da baƙar ƙura a kan ƙafafun motar, kuma zai ci faifai fiye da na tangaran.

"Ƙura? Bisa rim ɗin ga nawa?"

"Ruwa sun ƙare Dandin Mahe? Ka wanke."

Kawu ya rufe ido yana jiran tashin hankali. Nasiru sai ya fashe da dariya.

Muka duba lambar kwalin, muka gwada shi da tsohon, muka tabbatar yana da gurbin wayar da ke kunna fitila in takalmi ya cinye. Oga Shehu ya cire na tseren, na mayar da shi kwalinsa, ya sake goge faifan don kada ragowar na tseren ya ɓata sabon, aka ɗaura, aka zaunar. Washegari da safe muka sake gwaji da gwiwar Oga Shehu. Motar ta tsaya shiru, kwalaye na nan a tsaye. Da muka koma shago Kawu ya zaro makullin ɗakin ajiya, wanda bai taɓa bari na riƙe ba, ya ajiye a kanta ya wuce.

Bayan 'yan kwanaki, ina shara da safe, jar motar ta tsaya cak a gabana, a tsakiyar titi kamar yadda aka saba. Baffa Tukur ne, Nasiru na zaune a gefensa kamar almajirin direba. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ke ce ɗiyar ƙanwar Sahabi?"

"Ni ce, ranka shi daɗe."

"An ce ke kika zaɓa ma motata takalmi. Ta yi daɗin tsayawa. Allah shi yi maki albarka." Ya juya wurin Nasiru. "Kai kuma in ka are ta, ka riƙa wanke mata ƙahwahu. Baƙi ƙirin kake maido min da su."

Nasiru ya ce, "To, Baffa." Bai yarda mun haɗa ido ba.

Abin da na ɗauka daga wannan shi nake gaya wa duk wanda aka ba ni in koya masa kanta. Lambar kwali za ta gaya maka ko kaya zai shiga mota, amma ba za ta gaya maka wanda zai taka shi ba. A garuruwanmu wanda ya zo saye sau da yawa ba shi kaɗai ke da motar ba, akwai wani babba a gida da ba a iya hana shi makulli. Ka tambaya kafin ka sa a leda. Baƙin kwalin nan kuwa yana nan a saman kanta har yau. In wani ya nuna shi, tambayata ɗaya ce: wa ke tuƙa motar da safe? Har yanzu kuwa ban sami wanda ya amsa ta yadda zan sauko da shi ba.