Gangar Mijin Yayata

Mijin yayata makaɗi ne, in dai ana kiran mutum makaɗi alhali murɗa kusoshin ganga ya fi yi a kan kiɗan. A ƙungiyar da ke wasa a babban zauren wani otal yake, shi ne mai zama can baya a tsakiyar ganguna. Duk kayan na otal ne ban da guda ɗaya, babbar gangar nan mai ƙafa uku da ke tsaye a ƙasa ta hannun damansa. Wannan tasa ce, tun yana saurayi ya saye ta, kuma wallahi da za a ce ya zaɓa tsakaninta da Yaya ba na son jin amsar.

Saura Kaɗan ake ce masa a unguwa, don ba shi da wata amsa. A kira shi cin abinci, saura kaɗan. A ce yaro ba lafiya a zo a kai shi asibiti, saura kaɗan. Yana durƙushe a falo da ɗan makullinsa na ɗaure ganga, ya murɗa wannan kusa, ya tsallaka ya murɗa wadda ke fuskantarta, ya ƙwanƙwasa gefen fatar da ɗan yatsa, ya karkata kai ya lumshe ido kamar likita na sauraron ƙirji. A gidansu na yi karatuna na aikin jinya, saboda haka ba labari aka ba ni ba. Na haddace sunayen ƙasusuwan jikin mutum da dum, dum a kunnena.

Shi a ganinsa ganga mai kyau ita ce wadda za ka ji ta a cikinka, ba a kunne ba. Sai ya sassauta fatar sama har ta kusa yin tamoji, ya sassauta ta ƙasa, sannan ya bi duk wani ɗan amo da ya rage ya kashe shi. Ya manna salatif, ya manna wani a kai. Ya farke matashin kan Yaya ya kwashe audugar ya zuba a cikin gangar. Tawul ɗin da na saya wa Yaya da albashina na farko, shi ma can ya ƙare, an yanka shi an liƙa a fatar ƙasa. In ya zauna a kujerarsa ya sauke sanda, gangar ta girgiza masa gwiwa, sai ya dube mu yana murmushi yana jiran yabo. Mu dai sai mu ce madalla mu wuce.

Ba mai taɓa ta. Ko yaransa ba su isa ba, balle abokan aikinsa. Mai jita ya taɓa ɗora kofin shayi a kanta, aka yi wata biyu ba sa gaisawa. Kullum shi ke kai ta otal, shi ke dawo da ita, a bayan ɗan acaɓa, ya rungume ta kamar jaririya. A haka ya yi furfura. Bai gina ɗaki ba, bai koyi wata sana'a ba, Yaya ce ke ɗinki tana riƙe gidan, shi kuma yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa kunne irin nasa ba a sayen sa a kasuwa.

Sai otal ɗin ya canza hannu. Sabon mai otal ya ce zai saurari ƙungiyar da rana, zaure babu kowa, kafin ya yanke ko zai ci gaba da su. Ana cikin shirin haka acaɓan da ya ɗauko mijin Yaya ya zame a kwana. Mutum mai hankali zai saki kaya ya kare kansa. Shi ya kare gangar, ya sauka a kan hannun dama, wuyan hannun ya tsage. Ni na naɗe masa, ina naɗewa yana tambayata ko na ga ƙwarzane a jikinta.

Ogan ƙungiyar ya zo dubiya, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce ya samo wani mai aski da ke kiɗa a ƙarshen mako, zai riƙe kujerar kafin hannu ya warke. Kowa a falon ya gane maganar. Oga ya daɗe da gajiya da mutumin da ke ɓata rabin lokacin gwaji yana murɗa kusa. In mai askin ya yi kyau a gaban mai otal, kujerar ta tafi ke nan, kuma ba wanda zai ɗauki makaɗi mai furfura da karyayyen hannu. In ya kwafsa, dole a jira mijin Yaya. Oga ya roƙi aron gangar, tunda otal ba shi da irinta. Mijin Yaya ya yarda, amma da sharaɗin shi zai kai ta, shi zai tsaya a kanta, kuma mai aski ba zai taɓa kusa ko ɗaya ba.

Ni ce mai mota a dangi, don haka ni ce jakar kowa. Na ɗauke shi da gangarsa. Duk hanya yana ba ni labarin yadda mai askin zai sha kunya, wai hannun da ya saba da almakashi ina zai iya da wannan. Dariya yake har da buga ƙafa. Na ce a raina, kai dai Allah ya shirye ka.

Zauren dogo ne, an kife kujeru a kan tebura, wata mata na goge ƙasa. Mai askin mutum ne mai ƙiba, ba ruwansa, ya gaishe shi da girmamawa har da ce masa Babba. Mijin Yaya ya kafa gangar da hannu ɗaya, ya daidaita ƙafafunta, sannan ya rasa inda zai sa kansa, don a bayan ganguna kujera ɗaya ce. Oga ya ce ya sauko ya zauna. Ya sauko ya tsaya kusa da ni a tsakiyar zauren, bayan mai otal. A nan na tuna cewa mutumin nan, tunda ba ya barin kowa ya buga, bai taɓa jin gangarsa daga gaba ba.

Suka fara. Mai askin ya iya, ba ƙarya. Da aka zo wurin da ake saukowa daga ƙananan ganguna zuwa babbar, ƙananan suka yi kuka ɗaya bayan ɗaya, sannan tasa ta ce fuf. Abin da ke girgiza gwiwa a kan kujera, ko teburin farko bai iso ba. Aka sake zagayowa, ta sake cewa fuf. Mai otal ya juya ya tambayi Oga ko mutumin katifa yake duka a can gefe. Oga ya haɗe rai, ya shiga hararar mai aski, bawan Allah ya ƙara ƙarfi har gumi ya keto masa, amma a banza.

Na taɓa shi da gwiwar hannu na ce masa ƙasa-ƙasa, “Kai dai ka yi shiru kawai. Kujerarka ta dawo.”

Bai ko dube ni ba. Fuskarsa ta yi wani iri. Da waƙar ta ƙare ya tambaye ni, “Haka take?”

Na ce masa haka take tun ina ɗaliba.

Ai sai ya nufi dandamalin. Na bi shi ina ce masa kada ya yi wauta, yana da yara a makaranta, amma ina. Ya ce a ba shi ɗan lokaci, ya sa ni na kife gangar na riƙe. Da hannun hagu da haƙora ya ɓamɓare tawul ɗina da ya koma baƙi ƙirin. Ya kwance fatar ƙasa, ya zazzage audugar Yaya a kan dandamali, mai goge ƙasa na tsaki. Ya mayar da fatar, ya ɗaure kusoshin bi da bi, wannan sannan ta gabanta, ya ɗaga fatar ƙasa ta ɗan fi ta sama tauri. Ya cire salatif ɗin sama duka. Sannan ya miƙe, ya dubi mai aski, da ƙyar kalmar ta fito.

“Buga.”

Ya taka zuwa ƙarshen zauren ya saurara, ya dawo ya murɗa, ya sake komawa. Haka ya yi ta safa da marwa da hannu a rataye a wuya, mai aski na bugawa. Ban san a zuwa na nawa ba ne gangar ta buɗe. Wani amo mai kauri ya taso, ya cika zauren, ya ɗan sunkuya ƙasa kafin ya mutu, har kofunan da ke kan kantar abin sha suka amsa. Tsigar jikina ta tashi, kuma na ji haushin tashin da ta yi.

Kada wani ya ce mini sadaukarwa ce. Ba don Oga ya yi ba, ba don mai aski ba. An zagi gangarsa ne a gaban mutane ya kasa haɗiyewa, shi ke nan. Mutumin da bai taɓa tashi daga durƙuso don zazzaɓin ɗansa ba, ya zubar da abincin gidansa don kada a ce wa ganga katifa.

Suka sake waƙar. Mai otal ya gyaɗa kai ya ce yanzu aka yi magana, wannan makaɗin shi yake so ya riƙa gani. Oga ya rako mu har mota yana ta godiya, yana cewa za a yi waya in hannu ya warke, amma idonsa na kan tayar motata. Ya nemi a bar gangar zuwa ƙarshen mako. Na zaci za a yi tashin hankali. Mijin Yaya ya zaro ɗan makullin daga aljihu ya ce a ba mai aski, a gaya masa kada ya manna mata komai.

Mun iske Yaya a kan keken ɗinki. Ta dubi hannunsa, ta dubi bayana ta ga ban shigo da komai ba, ta tsayar da keken. Ya zauna a hannun kujera ya ce mata ashe amon gangar ba ya fita, duk shekarun nan ba ya fita. Ya tambaye ta ko ta sani.

“Na sani mana. A gaba nake zama tun kana nemana.”

“Shi ne ba ki faɗa mini ba?”

“Na faɗa maka, shekarar da muka yi aure. Ka yi wata guda ba ka ci abincina ba.”

Yaya ta gyara ƙyallen da ke ƙarƙashin allura, ta ce masa in hannun ya warke akwai guga da yawa, mai yi mata ya bar aiki.