Ranar da Zalɓe Ta Kife a Bakin Gonata

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda ya kamata in riƙe, amma ranar da motar yayana ta kife a bakin gonata tana nan daram a zuciyata, kuma na san ba za ta bar ni ba sai ranar da na bar duniya. Shekara tara ke nan, amma duk lokacin da tumatir ya fara ja a gonakinmu sai in ji kamar jiya abin ya faru.

Yayana mai walda ne, uwa ɗaya uba ɗaya muke, ya girme ni da shekara shida. Garejinsa yana bakin titi a Kura, rumfar kwano ce kawai da injin walda da tarin ƙarafa. Ni kuwa manomi ne, ni ke noma gonarmu ta gado da ke tsakanin Kura da Bunkure, shinkafa da damina, tumatir da rani. Shi mutum ne mai sanyi, sai ya wuni bai yi magana goma ba. Ni kuma tun ina yaro an san ni da baki, idan ana musu a majalisa muryata ake fara jiyowa.

Duk wanda ya yi noman rani a wajenmu ya san ba noman ne ke karya mutum ba, fito da kayan ne. Gonaki suna can ciki, hanyoyin da ke bin gefen ƙananan magudanan ruwa 'yan siriri ne, ga taɓo. Babbar mota ba ta shiga, keken kaya yana kafewa, babur kuwa kwando nawa zai ɗauka? Sai ka tsinke tumatir da sassafe, ya zauna a rana yana jiran jaki ko 'yan dako, kafin ya isa bakin titi ya yi laushi, dillali ya taya yadda ya ga dama. Yaya ya daɗe yana kallon wannan wahalar. Wata rana kawai ya ce zai ƙera motar da za ta shiga har cikin gona.

Mun yi masa dariya, ni ne ma kan gaba. Amma ya samo injin keken kaya, ya yanka ƙarafa, ya ɗora mata tayoyi huɗu, ya ɗaga cikinta sama sosai don kada taɓo ya kama ta. Da mutane suka ga dogayen ƙafafun nan sai suka sa mata suna Zalɓe, shi ma ya karɓi sunan. Shekara biyu ya yi yana fama da ita, ya kwance, ya ɗaura, ya sake kwancewa.

Burinsa bai tsaya kan guda ɗaya ba. Yana da wani littafi na 'yan makaranta da ya cika da zane. Idan na je garejin da la'asar sai ya goge hannu ya buɗe mini, mutumin da ba ya magana sai ga shi yana zuba. Motar farko ta kwandunan tumatir ce da albasa. Ta biyu za ta fi ƙarfi, mai juye kaya da kanta, don buhunan shinkafa da taki. Ta uku kuwa mai rumfa ce da shimfiɗa, wadda za ta ɗauko mara lafiya ko mai naƙuda daga ƙauye da damina. Ya ce idan Kura da Bunkure suka karɓa, Garun Malam ma za su zo da ƙafarsu, daga nan sai duk inda ake noman rani.

"Yaya, ka fara sayar da ɗaya tukuna," in ji ni, "kafin ka kai mu Haɗeja."

Ya yi murmushi ya ce, "Ɗaya ce mai wuya. Idan manomi ya ga ta maƙwabcinsa, ba sai na yi talla ba."

Abin da ya fi ba shi wahala shi ne faɗin motar. Idan ta yi faɗi ba za ta bi hanyoyinmu ba, idan ta tsuke za ta riƙa tangaɗi da kaya. Don haka tun kafin ya yanka ƙarfen farko ya ba ni igiya, ya ce ni ne na san gona, in je in auno masa hanyoyin. Na auna su tsaf, har da wadda ta bi ta bakin gonata, na kawo masa. A kan wannan awon ya gina Zalɓe, ya bar rarar yatsu huɗu kacal a kowane gefe.

To, akwai wata ɗabi'a tamu da wanda ba manomin wajen ba ba zai sani ba. Duk shekara idan mutum zai gyara fangalinsa, sai ya sa fartanya ya ɗan shafto gefen hanya ya ƙara a gonarsa. Ba ma kiransa sata, gyaran baki muke cewa. Kowa yana yi, kowa ya san kowa yana yi, ba mai ɗaga wa wani murya. A shekarar da Yaya ya gama motar, na hango tumatir zai yi daraja, sai na zarce da gyaran bakin har na samu layi guda cur na shuka. Wallahi lokacin da nake yi ko tunanin Zalɓe bai zo mini ba.

Ana nan sai wata ƙungiyar manoma daga wajen Bunkure ta ce za ta zo ta ga gwaji, idan motar ta yi musu za su sa a ƙera musu da yawa. A daidai lokacin kuma wani abokin Yaya yana ta kiransa zuwa Fatakwal, wai akwai aikin walda a wani kamfani. Yaya ya zaunar da ni da Inna, mahaifiyarmu, ya faɗa mana gaskiya. Ya ce motar nan ta cinye ƙarfinsa, iyalinsa sun yi haƙuri har sun gaji. Idan mutanen Bunkure suka karɓa yana nan tare da mu, idan ba su karɓa ba zai tafi. Inna ta ci gaba da jan carbinta.

Shi ya zaɓi gonata don gwajin. Ya ce tumatirina ya nuna, kuma hanyar nan ƙaninsa ne ya auna ta, babu wadda ya fi yarda da ita. Sai a lokacin na tuna da gefen hanyar da na shafto. Ana gobe gwaji na je da yamma na tsaya a wurin, na ga yadda hanyar ta rame. Abin da ya dace shi ne in hau babur in je in ce, Yaya, ga abin da na yi, a canza hanya. Amma girman kai ya hana ni. Sai na kwaso ɗanyar laka daga magudana na cike gurbin, na daddaɓe da bayan fartanya, na watsa busasshiyar ƙasa a sama. Ta yi kyau a ido. Na ce wa kaina ai kafin safe ta kama.

Da hantsi mutanen suka iso, su wajen goma, da shugabansu, wani dattijo mai farin gemu da aka ce ya fi shekara arba'in yana noman rani. Manoman kusa ma suka bar aikinsu suka taru. Yaya ya tayar da Zalɓe. Har yau ina jin ƙarar injin nan a kunnena. Ta shiga taɓon da keken kaya ke kafewa ta fita ko gezau, ta hau tudun kwalbati ta sauka, ta wuce bakin gonata ba kaya a kanta, lafiya lau. Mutane suka ɗauki sowa. Na ga dattijon yana gyaɗa kai yana magana da na kusa da shi. Na ga fuskar Yaya, ban taɓa ganinta da haske irin na ranar ba.

Aka loda mata kwandunana har ta cika. Yaya ya juyo da ita a hankali. Da tayar baya ta hau wurin da na cike, sai lakar ta saki. Ba da ƙarfi ta faɗi ba, a hankali ta karkata, kowa yana gani, babu abin da za a iya yi. Yaya ya yi tsalle ya dira, Zalɓe ta kwanta da gefe a cikin magudana, tayoyinta biyu a sama suna juyawa. Tumatir ya bi ruwa, jajir, yana tafiya.

Yaya bai ma kalli motar ba. Ya tsuguna a inda hanyar ta zabtare, ya ɗebo lakar ya murza da yatsunsa. Ɗanya ce shakaf, kuma launinta ba na hanyar ba ne. Ya ɗago ya dube ni, kallo ɗaya, ya sunkuyar da kai.

Dattijon ya matso ya ce, "Malam, me ya kayar da ita? Hanya ce ko mota?"

Tambaya ce ta gaskiya, kuma amsarta tana bakina. Ni da ake jin muryata daga nesa, ranar nan harshena ya yi nauyi. Na tsaya ina kallon ƙasa, ina tunanin yadda za a riƙa nuna ni a kasuwa ana cewa ga wanda ya ci hanya ya kayar da motar yayansa. Yaya ya ɗan jira. Na san ni yake jira. Da ya ji shiru sai ya miƙe ya goge hannunsa a riga.

"Baba, motar ce," in ji shi. "Na ɗaga ta da yawa."

Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Ƙoƙari kam ka yi, Allah ya sa albarka. Amma ka san mu, wahalar wata uku muke ɗorawa a kai. Ba za mu ɗora ta kan abin da zai zubar mana da ita a ruwa ba." Suka yi mana jaje suka hau baburansu. Kafin la'asar labari ya kai kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan cewa Zalɓe ba ta iya ɗaukar kaya. Babu wanda ya sake zuwa tambaya.

Bayan sati uku Yaya ya rufe gareji. Ni na raka shi tasha, ina riƙe da jakarsa. A cikin satin ukun nan bai canza mini fuska ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi duka ciwo. Sai da direba ya fara kiran fasinja sannan na iya buɗe baki, na ce, "Yaya, ni ne. Ni na ci hanyar, ni na cike ta da laka."

Ya ce, "Na sani tun a wurin."

"To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In tona maka asiri a gaban baƙi? Kai ne za ka zauna da mutanen nan." Ya karɓi jakarsa. "Amma da kai ka faɗa da bakinka, dariya za su yi. Cikinsu wa bai taɓa gyaran baki ba? Da sun ce a ciro ta a sake gwadawa a wata hanyar."

Bai faɗa da faɗa ba, har dafa kafaɗata ya yi, ya ce in kula da Inna. Na tsaya a tashar har motar ta ɓace, ina kuka kamar ƙaramin yaro, ban damu da masu kallo ba.

Daga baya na je Bunkure na sami dattijon na faɗa masa komai. Ya saurare ni, ya yi dariyar nan da Yaya ya ce za a yi, sannan ya ce, "Ai da ka faɗa a lokacin. Ina mai motar yanzu?" Na ce yana kudu. Na kira Yaya a waya ina murna, ya ce ya riga ya sa hannu a takardar aiki, ya kama ɗaki, yara sun shiga makaranta, sai dai wani lokaci in Allah ya yarda. Har yau lokacin bai zo ba.

Ina kewarsa ƙwarai. Yana zuwa gida sau ɗaya a shekara biyu, ya yi sati ya koma. 'Ya'yansa suna gaishe ni da wata irin Hausa mai ɗingishi. Ranar da Inna ta rasu yana kan hanya, sai kabarinta ya tarar. Idan na bi ta inda garejinsa yake, yanzu mai sayar da taki ne a wurin, sai in rage gudu ba tare da na sani ba, kamar zan hango shi a sunkuye yana walda.

Na daɗe ina ɗauka fartanyata ce ta raba ni da ɗan'uwana. Yanzu da na girma na gane ba ita ba ce, hanya ana cike ta, mota ana ciro ta daga ruwa. Shirun da na yi ne lokacin da dattijon nan ya yi tambaya. Abin da ranar ta koya mini shi ne gaskiya tana da lokacinta, idan ka bari ya wuce za ka faɗe ta a saurare ka, har a yafe maka, amma ba za ta dawo maka da komai ba. Na guji kunyar wuni ɗaya, ga ni shekara tara ba ni da yaya a kusa.