Wutar da Ba Ta Sauke Fasinja

Manyan wayoyin lantarki ta saman gidanmu suka ratsa, a ƙauyen da nake koyarwa kusa da Agwada. Da damina har ƙugi suke yi, amma ko ƙwan fitila ɗaya ba su taɓa kunna mana ba.

Ran nan mahaifiyata ta tare ma'aikacin da ya zo sare rassan mangwaronmu, ta ce, "Ɗana, ka ɗan tsiyayo mana, ko ta guga ce."

Ya ce, "Mama, wannan wutar doguwar tafiya take yi, ba ta sauke fasinja a hanya."

An hana mu ƙara ɗaki a ƙarƙashinta, gidan kuma babu mai saye. Haske ya wuce birni, mu aka bar wa ƙugin.