Taubashina da Murfin Injin Baba

A shekarun da abin nan ya faru, ni mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, a Zinder, ina koyar da ƴan ƙananan aji, ina zaune da iyalina a gidan mahaifina cikin Birni. Mutum ne ni mai gudun rigima, irin wanda ko an taka shi, shi ne zai fara ba da haƙuri. Na rubuto wa mujallar nan ne domin maganar ta daɗe tana cin raina, kuma a gidanmu duk wanda na ɗauko wa ita sai ya fashe da dariya.

Mahaifina, da muke kira Baba, yana da wani tsohon babur ƙirar Ingila, baƙi, mai nauyi kamar bijimi, wanda ya sayo a Kano tun yana saurayi yana fataucin fata. Babur ɗin ya girme ni. Kowace kaka a kansa Baba ke zuwa Garagumsa ya ga an ɗaure geron gonarsa, kuma bai taɓa yarda ya je a mota ba. Da idonsa ya yi rauni tuƙin ya dawo hannuna, shi yana baya yana gaya mini in canja giya tun kafin ni in ji injin ya nema. Ana gab da girbin wata shekara, babur ya kife a zaure, murfin gefen dama na injin ya tsage. Murfin nan shi ke rufe haƙoran da ke daidaita bugun inji, kuma a cikinsa akwai wata ƴar hanya da baƙin mai ke bi ya shiga tsakiyar injin. Na san da ita ne don tun ina yaro ni ke riƙe wa Baba kwanon kusoshi duk ran da ya kwance shi.

Makaniken gidanmu ɗan Gwaggo ne, ƙanwar Baba, ke nan taubashina. Wanda ya san Damagaram ya san abin da wannan ke nufi. Tun muna tsirara yake kirana bawansa, ina kiransa ɓarawon tuwo, kuma duk abin da ɗayanmu ya faɗa wa ɗaya wasa ne, ba a fushi, ba a kai ƙara. Da na kai masa babur na ce a yi wa murfin walda, sai ya ce ba a ɓata lokaci wajen walda, ai ya samo murfi lafiyayye daga wani babur na kamfani ɗaya, ƙirar baya-bayan nan, har ya fi tsohon ƙyalli. Na ɗauki murfin biyu na kifa su a kan benci. Daga waje kamar tagwaye, amma daga ciki ramin mai na sabon ya kauce daga inda na tsohon yake. Na nuna masa da yatsa. Ya kira abokan aikinsa su zo su ga bawansa mai alli ya zama injiniya, ya ce tunda kusoshi duka sun shiga ramukansu ba gardama, magana ta ƙare. Garejin ya ɗauki dariya, ni ma, don kunya, na yi.

Daga nan na shiga uku. Na koma masa washegari fuskata a ɗaure, ya ce ko fushin ma bai yi mini kyau ba. Na sami Baba na yi masa bayani dalla-dalla, ya yi murmushi ya ce har yanzu ni da ɗan'uwana ba mu girma ba. Na je wurin Gwaggo, ta ce in dai ƙarar ɗanta na kawo to in fara biyan ta ladan goyon da ta yi mini, ta sa aka kawo mini fura. Inna, mahaifiyata, cewa ta yi kada in kuskura in ɗauke babur ɗin zuwa wani gareji, don Gwaggo za ta ɗauka an raina ɗanta. Wallahi ban taɓa jin takaici irin na kwanakin nan ba. Ina faɗar gaskiya da bakina, da Hausar da kowa ke ji, amma da yake a kan taubashi nake faɗarta, babu wanda ya ji komai sai wasa.

Ranar tafiya babur ya tashi da bugu ɗaya, taubashina ya tsaya a ƙofar gida yana yi mini gwalo. Muka ɗauki hanyar Takeita. Ba mu yi wani nisa da Tirmini ba na ji zafi yana dukan ƙafata ta dama, ƙarar injin ta koma wata busasshiyar ƙara. Baba ya dafa kafaɗata ya ce in tsaya, amma kafin in sauka daga kwalta injin ya ƙame, tayar baya ta ja ƙasa, da ƙyar na riƙe mu ba mu faɗi ba. Baba ya sauka, ya kai hannu kusa da injin, ya janye. Ya nemi inuwar wata bishiyar bedi ya zauna. A bayan wata motar gero muka dawo da babur ɗin, a kwance.

Da taubashina ya kwance injin, cikinsa a bushe yake ƙamas, ƙarfe ya ci ƙarfe. A ranar kam bai yi dariya ba. Ya ce kayan cikin za a iya nemo su a hankali, amma ko an sa sababbi haka za su sake ƙonewa, sai dai a yi wa tsohon murfin walda a mayar da shi, abin da nake ta faɗa ke nan tun farko. Na ce to ya ɗauko shi. Sai ya hau sosa ƙeya. Ashe tun makon da ya cire shi ya haɗa shi da tarkacen gareji ya ba masu narka dalma suna zuba tukwane. Ya garzaya can, suka ce ai tuni ya shiga wuta tare da gwangwanaye. Da yamma sai ga shi a gidanmu da sabon ludayin dalma daga wurin mutanen, ya durƙusa ya miƙa wa Inna, ya ce ga murfin Baba ya dawo gida. Tsakar gida ta kaure da dariya, har Baba sai da ya dara. Ni kaɗai na tashi na shige ɗaki.

Mun nemi irin tsohon murfin a Maradi, mun aika Kano, har yau babu. Babur yana nan a zaure, duk Juma'a Baba na laluba shi da tsumma yana gogewa. Bai sake zuwa Garagumsa ba, sai dai a kawo masa damin farko ya shafa zangarniya ya tambayi yadda gonar take.

Ban ce a bar wasan taubasai ba, shi ke riƙe da zumuntarmu, kuma har gobe ina son ɗan Gwaggo. Amma na koyi cewa akwai maganar da ba a yin ta a gaban ƴan kallo, kuma ba a rufe ta da dariya. Da na ɗauki tsohon murfin na sa a jakata na taho da shi, da yanzu Baba na kan hanyar gonarsa. Mai tsohon inji, kada ƙyallin sabon kaya ko shigar kusoshi su ruɗe ka, ka kifa su ka duba cikinsu, kuma abin da aka cire maka kada ka bar shi a gareji. In kuwa makaniken taubashinka ne, ka je da wani dattijon da ba ya wasa da shi. Ni dai nawa ya wuce, kuma kullum da ludayin nan ake zuba mini miya.