Rayuwar Tsani, Mataimakin Kociyoyi Goma Sha Ɗaya

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi marigayin da jama'a suka fi sani da Tsani a shekarar 1951, a wani gida mai ɗaki uku da ke bayan tashar mota, cikin garin da ya yi rayuwarsa duka. Mahaifinsa kafinta ne, mahaifiyarsa kuwa ɗinki take yi a gida. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi Allah ya tara wa tsawon gidan baki ɗaya, domin tun yana ɗan shekara goma sha huɗu sai ya sunkuya yake shiga ƙofar da mahaifinsa ya haɗa da hannunsa. Yayarsa ce ta laƙaba masa sunan, saboda shi ake kira duk lokacin da za a sauko da kaya daga saman kabad.

Karatu da shiga wasa

Ya shiga firamare a 1958, ya wuce sakandare a 1965, inda bai yi fice a darasi ba, bai kuma taɓa zama na ƙarshe ba. Malamin motsa jiki ne ya tsinto shi a layin taro, ya damƙa masa ƙwallon kwando. A 1971 ya shiga ƙungiyar garin, wadda magoya baya ke kira 'Yan Zalɓe saboda dogayen ƙafafu, a lokacin tana rukunin farko.

Kocin zamanin, wanda ake ce wa Tsoho, yana da doka guda da ba ya sassautawa. Bayan kowane atisaye babu ɗan wasan da zai kwance igiyar takalminsa sai ya tsaya a kan layi ya jefa ƙwallo ɗari cikin kwando, irin jifan da alƙalin wasa ke ba wanda aka yi wa keta, kuma wadda ta kauce ba ta cikin ƙirga. Sabon shiga da kyaftin duk ɗaya ne a wannan doka. Tsoho yakan ce, "Tsalle na masu jini a jika ne, amma layi na mai haƙuri ne." Da wannan haƙuri ƙungiyar ta ɗauki kofi a 1975 da 1979, Tsani yana tsakiyar fili duka biyun.

Aure da iyali

A 1976 ya auri wata ma'aikaciyar jinya wadda ta ɗaure masa idon sawu bayan ya gurɗe a wasa. Ita gajera ce ƙwarai, har ƙannensa suka riƙa tsokanarta cewa sai ta hau kujera take yi masa faɗa. Takan amsa musu da cewa ba ta bukatar kujera, shi ke sunkuyowa. Allah ya albarkaci auren da 'ya'ya biyar, suka zauna lafiya shekara arba'in da biyar a gida ɗaya, kusa da filin wasa.

Aikin mataimaki

Gwiwarsa ta hagu ta gaza a 1983, ya bar wasa ya zama mataimakin Tsoho. Shi ke buɗe zauren atisaye da safe, ya gwada iskar kowace ƙwallo da tafin hannu, ya sauya ragar da ta yage, sannan ya tsaya ƙarƙashin kwando yana ƙirga wa 'yan wasa ɗarinsu da babbar murya. Ya so wannan aiki matuƙa, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba.

Shekarun koma baya

A 1994 aka kafa sabuwar hukumar gudanarwa ƙarƙashin wani ɗan kwangilar gine-gine, mutum mai son abu ya faru yau-yau. Shugaban ya sallami Tsoho da takardar godiya, ya sayar da 'yan wasa uku da ƙungiyar ta rena tun suna matasa, ya ɗauko wasu daga nesa masu suna da iya tsalle. Baƙin nan suka kai kuka cewa jifa ɗari yana kashe musu kafaɗa. Hukumar ta zauna a kai, ta soke dokar a rubuce, tana mai cewa tsohon yayi ne.

Daga nan ƙungiyar ta shiga faɗuwa da maki ɗaya ko biyu, galibi a mintunan ƙarshe, ɗan wasa yana tsaye a kan layi babu mai tare shi, ƙwallo ta bugi ƙarfe ta dawo. Hukumar ba ta ga laifin kanta ba. Cikin shekara goma sha huɗu ta sauya koci tara, ta sauya launin riga sau biyu, ta ɗaga kuɗin shiga har kujerun baya suka koma wurin shan iskar tattabaru. Duk lokacin da kujerar koci ta zama babu kowa, sai a tsallake Tsani da hujjar ba shi da takardar shaida. Kowane sabon koci kuwa shi yake tarbarsa, ya nuna masa makullan zaure, ya gaya masa maganar ɗari cikin ladabi, a saurare shi a watsar.

Matarsa ta taɓa tambayarsa ko abin ba ya ƙona masa rai. Ya ce, "Kujera ba ta dame ni ba, uwar yara. Ni dai kada ƙungiyar nan ta mutu ina kallo." A 2005 'Yan Zalɓe suka faɗa rukuni na biyu, wanda babu wani a ƙarƙashinsa, domin duk ƙungiyar da ta ƙare a ƙarshensa soke ta ake yi.

Wasanni bakwai

A kakar 2008, saura wasa bakwai, ƙungiyar tana ta ƙarshe, koci na tara ya tattara nasa ya nasa ya tafi, aka nemi mai karɓa aka rasa. Sai Shugaban ya kira Tsani ofis, ya ce masa, "Dattijo, ka riƙe mana kafin mu ga abin da Allah zai yi." Tsani ya gane sarai cewa wanda za a binne gawa a hannunsa ake nema, amma ya karɓa, da sharaɗin a bar masa zauren atisaye yadda ya ga dama.

Washegari ya sanar da dawowar ɗari. Kyaftin ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan ai labarin da ne." Tsani ya ɗauki ƙwallo. Ya ɗaure gwiwarsa, ya tsaya a kan layi yana da shekara hamsin da bakwai, ya fara jifa yana ƙirga wa kansa. Sa'a biyu ya kwashe kafin ya cika ɗari, gumi ya jiƙe shi sharkaf. Tun yana wajen sittin kunya ta kama 'yan wasan, suka bi layi ɗaya bayan ɗaya.

Sun ci huɗu cikin bakwai ɗin, biyu daga ciki da maki ɗaya tak, suka ƙare kakar a na biyun ƙarshe, ƙungiyar ta tsira. Hukumar ta shirya masa liyafa, ta ba shi agogon bango, bayan mako uku ta kawo sabon koci mai takarda ta mayar da shi mataimaki. Magoya baya suka fusata, shi kuwa ya rataye agogon a zauren atisaye ya ci gaba da gwada iskar ƙwallo. Sabon kocin dai bai taɓa dokar ba, domin 'yan wasan da kansu suka ce a bar musu abinsu.

Ƙarshen rayuwa

Ya yi ritaya a 2013, bayan ya yi wa koci goma sha ɗaya mataimaki. Ƙungiyar ba ta sake komawa rukunin farko ba, shi ma bai sa rai ba. Duk wasan gida yana kujerar gaba da sandarsa, ƙafafu miƙe har cikin hanya, yana yi wa alƙalin wasa gyara ba tare da an tambaye shi ba.

Rasuwa da jana'iza

Allah ya yi masa rasuwa da asubahin wata Asabar a shekarar 2021, yana da shekara saba'in, bayan gajeriyar jinya. Tsofaffin 'yan wasa da na yanzu ne suka ɗauki makararsa, suka ɗaga ta sama har dangi da maƙwabta suka yi ta miƙa hannu ba su kai ba. A ranar ƙungiyar tana da wasa da yamma, hukumar ta aiko a shaida wa iyali cewa za ta janye saboda makoki. Matarsa ta ce wa ɗan aiken, "Ku je ku buga. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa don kada a rufe filin nan, ba a kansa za a rufe shi ba." Daga maƙabarta 'yan wasan suka wuce fili.

Ya bar matarsa da 'ya'ya biyar: ta fari malamar makaranta ce, mai bi mata kafinta, ta uku ma'aikaciyar jinya, na huɗu direba, auta kuma yana karatu a jami'a, da jikoki goma sha huɗu. Ya kuma bar 'Yan Zalɓe da ransu, suna na tara cikin ƙungiyoyi goma sha biyu, da wani wasan a gabansu mako mai zuwa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.