Ranar da na daina cewa "da sauƙi"

Assalamu alaikum. Na san kun daɗe ba ku ji ni ba, har wasu na tambaya ko na koma Zariya. Ina nan Doha. Na daɗe a kwance ne, sai yanzu yatsuna suka yarda su riƙe waya.

Wanda ya san ni ya san ba ni da faɗa. Amma yau zan yi magana, mai jin haushi ya ji.

Abin ya fara ne bayan na warke daga korona. Ina tsaye a duti, gadin wani gini a unguwar Al-Sadd, sai na ji kamar tururuwa na yawo a tafin ƙafata. Na ce takalmi ne. Kafin in ankara ƙafa ta ƙi ɗaukata, hannu ya bi. Habu, abokin ɗakina, shi ya kira motar asibiti.

An ɗebi jini, an soka mini allura a gadon baya an zuƙi ruwa. Likitar, wata 'yar Sudan, ta ce: "Sojojin jikinka ne suka juya suna cin jijiyoyinka. Ana warkewa, amma a hankali." Har na'urar numfashi sai da aka sa mini. Babban tsorona a lokacin, kar in mutu ban iya ɗaga yatsan shahada ba.

Asibiti sun riƙe ni da kyau tsawon watanni. Wahala ta fara ne ranar da aka sallame ni.

Kamfani ya biya ni haƙƙina, inshora ta ba da nata, 'yan uwa na Najeriya da na zangon Ghana suka yi karo-karo. Aka haɗa aka buɗe asusun amana da sunana, aka damƙa wa Alhaji Sabo, dattijon da ya fi mu daɗewa a ƙasar nan. Sharaɗin ɗaya ne, ba a taɓa kuɗin sai don buƙatar lalurata. Kafil, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, ya bar mini takarduna har in gama gashin jiki a asibiti.

An sayi keken guragu. An sayi magani. Ana biyan tasi zuwa gashi.

Sai gasar ƙwallon duniya ta zo ƙasar. Duk 'yan ɗakinmu a unguwar Al Wukair aka ninka musu duti. Habu zai ajiye mini ruwa da burodi da robar fitsari, ya fita tun asuba. Hannuna rawa yake. In robar ta zube, a ciki zan kwanta har ya dawo.

Na kira Alhaji na ce a ɗaukar mini mutum daga asusun, mai juya ni, ya yi mini wanka, ya dafa, ya share ɗaki.

Ya ce: "Haba ɗana. Jinya ai ta 'yan uwa ce, don Allah ake yi. Mu ɗauki kuɗin amana mu biya bare ya wanke namu? Me za a ce a gida? Kuɗin magani ne. Khalas, magana ta ƙare."

Waɗanne 'yan uwa? Waɗanda ke tsaye a ƙofar filin wasa suna nuna wa baƙi hanya?

Ranar Juma'a ake zuwa dubiya. Habu zai wanke ni tas, ya sa mini jallabiya, ya kunna turare, ya rufe ni da bargo. Dattawa su shigo. "Ya jiki?" "Da sauƙi." A yi addu'a, a ci dabino, a yi gardamar wa zai fitar da wa a gasar, a tafi.

Wata rana a wurin gashi nas ta juya ni, ta ga gyambo a ƙuguna. Ta ce wa ke juya ni a gida. Na ce babu. Ta ce in ya kai ƙashi, gashi ya tsaya, zan koma gado, tafiya kuma sai abin da Allah ya yi.

Ga kuɗi a ajiye da sunana, ga bayana yana ruɓewa don kar a ji kunya a gida.

Juma'ar nan na ce wa Habu kar ya wanke ni, kar ya kunna turare.

"Nura, ka haukace? Dattawa ne fa."

"Su ma suna da hanci."

Suka shigo. Na ga Alhaji ya ɗan ja baya, sannan ya daure. Ya ce, "Ya jiki?"

Na ce, "Babu sauƙi, Alhaji. Ɗaga bargon nan."

Ya tsaya yana kallona.

"Ɗaga. Amanar da aka ba ka tana ƙarƙashinsa."

Ya ɗaga. Ya ce sauran su fita, ya naɗe hannun riga, ya ɗebo ruwa. Ya yi ƙoƙarin juya ni shi kaɗai, ya kasa, sai da ya kira Habu.

Ya ce, "Amma kullum kana ce mini da sauƙi."

Na ce, "Me kuka koya mana mu ce?"

A satin aka yi takarda yadda doka ta ce, aka ɗauki Baba Issaka, wani tsohon direba ɗan zangon Kumasi. Asusun ke biyansa. Ba ya lallashi. "Yalla, juya, ba otal ka zo ba." Gyambon ya rufe. Yau da sanda nake zuwa masallaci.

Har yanzu raina a ɓace yake. Alhaji bai ci ko sisi ba, amma saura kaɗan ƙafata ta tafi.

In za ku yi wa mara lafiya asusu, ku faɗa tun farko cewa mai wanka da mai girki suna ciki, kamar magani. In za ku je dubiya, ku je ranar da ba a sa ranku ba. Mai jin tururuwa a ƙafa kuma ya tafi asibiti, kar ya ɗora wa takalmi.

Na gode wa Allah. Na gode wa Habu da Baba Issaka da ma'aikatan asibiti, da duk wanda ya sa hannu a aljihu. Allah ya saka da alheri.

Jiya Alhaji ya zo. Ya ce ya jiki, na ce da sauƙi.

Ya ce, "Ban yarda ba. Tashi in gani."

Na tashi.