Sunan Da Goggo Zuwaira Ba Ta Faɗa

Duk wanda ya yi aiki da Goggo Zuwaira a ɗakin masu fama da shaye-shaye ya san zanen atamfar da take lulluɓe ordinatar, wato kwamfuta, da shi. Mara lafiya na sallama, za ta miƙe ta rufe na'urar ruf, sannan ta amsa. Ƙanwar mahaifina ce, ita ce majo, wato shugabar masu jinya a wurin. Ni kuwa ɗaliba ce da aka turo koyon aiki a shekarar da aka hana rubuta dosiye, wato bayanan mara lafiya, a takarda. Doka ta ce wanda ba ya cikin na'ura ba a ba shi magani.

Malamin da ya zo daga Yamai don ya koya mana ya ce, "Hajiya, ai ba ta da ido."

Ta ce, "Makaho ya fi kowa kunne, ɗana."

Ta rantse yatsanta ba zai taɓa ta ba. Ita ke tambaya, ni ke bugawa. Wata rana aka kawo wani manomi daga Gaffati, ta tambayi ranar haihuwarsa, ya ce shekarar fara. Goggo ta ce in rubuta haka. Na ce, murya ƙasa-ƙasa, na'urar lamba kawai take karɓa.

"To ki tambaye ta, ita wace shekara aka haife ta, da take raina ta mutane?"

Wani mai kabu-kabu kuma ya ce tramol biyu yake sha a rana. Na kai hannu zan buga, ta riƙe ni.

"Biyu kafin me?"

Ya sosa ƙeya. "Kafin karin kumallo."

Muna dariya, amma duk mun san abin da ke cin ta. Ɗanta na fari, wanda duk dangi muke kira Abba, ya daɗe cikin ƙwaya. Ta warkar da 'ya'yan mutane, nata ya ƙi ko leƙo ƙofar. Kuma kamar iyayenmu na da, kunyar ɗan fari ba ta taɓa barin ta ta kama sunansa ba. "Wancan" take cewa.

Wata safiya sai ga shi da ƙafarsa daga unguwar Kara-Kara, ya rame, hannu na rawa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Na buɗe sabon dosiye, na ce, "Yaya Abba, sunan yanka ake so, yadda yake a takardar haihuwa."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Sai dai ita ta faɗa. Tunda aka haife ni ban taɓa ji a bakinta ba. In ta faɗa, na zauna."

Na san sunan, amma na ga ba nawa yake nema ba. Goggo ta buɗe baki, ta rufe. Ya fara ja da baya.

Sai ta ce mini, "Matsa."

Ta zauna a kujerata, ta gyara tabarau, ta shiga neman haruffa da yatsa ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ta yi kuskure, ta tambaye ni inda ake gogewa. Da ta gama ta juya masa fuskar na'urar. Ya matso ya karanta, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ja benci ya zauna.

Ta share ido da bakin mayafi, ta harare ni. "Ke shaida ce, ban dai faɗa ba."

Bara ta rasu, bayan gajeriyar jinya. Yaya Abba shi ya shiga kabari ya karɓe ta, da hannun da ya daina rawa. Har yau yana zuwa asibitin duk ranar da aka sa masa, bai taɓa fashi ba.

Allah Ya jiƙan Goggo, Ya rufa mata asiri kamar yadda ta rufa wa bayinSa. Ya tsare mata wancan.